LITTATTAFAN YARA DA ASALINSU

Wasunku sun tambaye ni wane littafin Hausa za su ba yaro ɗan shekara tara zuwa sha biyu. To, ga tarihin guda biyu.

A farkon zuwan boko ƙasar Hausa, yara na koyon karatu amma babu littafin hira. A 1933 sai ofishin fassara na Zariya, a Nijeriya, ya shirya gasar rubuta labari. Wani Bature, Rupert East, shi ne shugaban ofishin. Cikin waɗanda suka ci akwai Abubakar Imam, malamin makaranta a Katsina. Littafinsa shi ne Ruwan Bagaja, labarin mai yawon duniya neman ruwan magani.

Daga baya aka kira Imam Zariya, ya rubuta Magana Jari Ce. Littafi uku ne, an buga na farko a 1937. A cikinsa aku ne ke ba ɗan sarki Musa labarai, don ya hana shi fita gida ya faɗa hannun maƙiya. Labaran gajeru ne, yaro na iya gama guda kafin barci.

Mu a Nijar, Faransanci kaɗai ake koyarwa a lakkwal, sai a 1973 aka buɗe ajin gwaji na Hausa a Damagaram.

Ƴan'uwa, karatun da ba a yi kullum zubewa yake yi. Ku nemo littattafan nan, ko da aro ne. Yaro ya karanta shafi, ku karanta shafi. Sai mako mai zuwa.