Karatun ilimin kwamfuta a lise a Yamai

Ilimin kwamfuta, wanda 'yan makarantar Nijar suka fi sani da anformatik, darasi ne da ya ƙunshi tsara matakan warware matsala, rubuta manhaja da sarrafa bayanai. A Yamai ana koyar da shi da Faransanci, cikin tsarin boko da ƙasar ta gada daga Faransa: shekara 4 a koleji har jarabawar BEPC, sannan shekara 3 a lise har bakaloreya.

Manyan sassan bakaloreya na gama-gari su ne A na adabi, C na lissafi da fiziks, da D na lissafi da kimiyyar halittu. Babu sashen da aka gina kacokan a kan kwamfuta, don haka ɗalibin da ya ƙwallafa rai a kanta yakan bi C ko D, ko ya nufi makarantar fasaha irin su Lise Issa Béri. Abin da ake kira darasin anformatik a makarantu da dama bai wuce buga rubutu a Word da lissafi a Excel ba, wanda koyon amfani da na'ura ne kawai. Ƙarancin na'urori da ɗaukewar wuta, musamman lokacin zafi, suna ƙara dagula lamarin.

Zurfin karatun sai bayan bakaloreya: a sashen lissafi da kwamfuta na Jami'ar Abdou Moumouni, ko makarantar injiniyoyi ta EMIG, ko reshen Nijar na IAI, cibiyar koyar da ilimin kwamfuta da aka kafa a 1971 mai hedkwata a Libreville.