Daga tubali zuwa zanko: Kalmomi da dabarun ginin ƙasa a karkarar Kano

Duk wanda ya bar birnin Kano ya miƙi hanyar Dambatta ko ta Bichi bayan an kawar da amfanin gona, zai ga gona na bin gona, ƙauye na hango ƙauye. A wannan yanki da ya haɗa da Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Makoɗa, jama'a sun yi yawa, daji ya yi ƙaranci, itacen gini kuwa sai an saya. Shi ya sa tun kaka da kakanni magina suka dogara da ƙasar da ake takawa, suka ƙago dabarun da za su sa ta jure wa ruwan sama da gara. Kowace kalma ta sana'ar suna ce ta wata dabara, kuma mai gidan gado a ƙauye da bai san su ba, da wuya ya gane abin da magini ke faɗa masa ranar gyara.

Ƙasa da tubali

Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Magina sun fi son birji, wato jar ƙasa mai ɗan tsakuwa wadda ke riƙe jikinta idan ta bushe. Ramin da aka haƙo ta shi ke zama kududdufi da damina, abin da ya sa kusan kowane tsohon gari yake da nasa.

Ana jiƙa ƙasar, a tattake ta da ƙafa, a zuba mata ramno, wato yankakkiyar busasshiyar ciyawa, wani lokaci har da kashin doki. Sai a bar ta ta kwana biyu tana tsimuwa, a sake takawa. Ramno ne ke hana ta tsagewa.

Daga nan ake curin tubali da hannu: gindi mai faɗi, kai mai ɗan tsini. Idan ya bushe a rana, ana jera shi a tsaye, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Magini kan hau bangon ya zauna, mataimaki na jefo masa tubali daga ƙasa. Ba a ɗora sahu sai na ƙasansa ya sha iska. Bango yakan fara da kauri a tushe, ya riƙa sirancewa yana hawa. Wannan kaurin ne ke sa soro sanyi da bazara, ɗumi da hunturu.

Azara da rufi

Azara ita ce ƙashin bayan ginin ƙasa. Daga gangar giginya ake faskaro ta, an fi son ta namijin giginya saboda tauri, kuma gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai tana da iyaka: idan tazarar da ta ratsa ta wuce kamar ƙafa shida, nauyin ƙasar rufi yakan sa ta lanƙwasa. Kusan duk hikimar rufin Hausa ta taso ne daga neman hanyar tsallake wannan iyaka.

Hanya mafi sauƙi ita ce tauyi: a dasa gajerun azaru a saman bango su ɗan leƙo cikin ɗaki, sannan a ɗora dogayen a kansu. Wata hanyar ita ce a gitta azaru a kusurwoyi huɗu don rage faɗin tsakiya, ko a kafa ginshiƙi. A kan azarun ake shimfiɗa zana ko asabari, a bi da ƙasa.

Baka, daurin guga da tulluwa

Idan ana son zaure mai faɗi babu ginshiƙi, sai a koma ga baka, wanda ake kira bakan gizo. Bakan Hausa ba na jera duwatsu ba ne. Ana binne azaru a cikin bango, a ɗaure wasu a kansu da igiya, kowane sahu ya fi na baya karkata zuwa tsakiya, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Kowane ɓangare sunansa ƙafa. Bayan an yaɓe shi da ƙasa sai ya fito sumul kamar an zana.

Idan baka biyu suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne daurin guga, domin ya yi kama da yadda ake ɗaura wa guga igiya. Idan ƙafafun suka yi yawa suka haɗu a wuri ɗaya kamar tsinken laima, sai a ce kafin laima. Tudun da rufin ke yi daga waje shi ne tulluwa, kuma yana taimaka wa ruwa gangarewa.

Wannan fasaha ta kai ƙololuwa a hannun Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A Kano ana ganin irin wannan rufi a Gidan Rumfa da Gidan Makama, waɗanda asalinsu ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. A arewa da birni kuma akwai gidan Sarki na Fanisau, inda Baturen Birtaniya Clapperton ya gana da Sarki Ibrahim Dabo a 1824.

Yaƙi da ruwan sama

Babban abokin gabar soro shi ne ruwan Agusta. Rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye rufi, yana tattara ruwa zuwa indararo, shi kuma ya watsa shi nesa da tushen gini. Zanko, ƙahon da ke tsaye a kusurwa, mutane da yawa sun ɗauka ado ne kawai, alhali yana ƙara wa kusurwar nauyi, yana kuma karɓar dukan ruwa kafin ya kai ga bango.

Sai kuma yaɓe. Makuba ana samun ta ne daga ɓawon ɗorawa, a jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwan. Tana ba bango duhun ja, tana hana ruwa shiga. Da ita ake daɓe, wato dandatse ƙasan ɗaki da tsakuwa har ya yi tauri. Laso ya fi ta ƙarfi: haɗi ne na katsi, wanda ake samu daga gindin rijiyar rini, da gashin jima, da ruwan dafara mai yauƙi. Ke nan magini yana buƙatar marini da majemi. Da karofi suka ragu, laso ma ya yi wuya.

Zane

Ado shi ke zuwa ƙarshe, kuma yawanci a fuskar zaure da cikin ɗakin maigida ko na amarya ake yin sa. Wani zanen ana tayar da shi da yatsu tun yaɓe na ɗanye, wani a kankare shi da wuƙa, wani kuma a shafa da farar ƙasa da shuni ko fenti. Siffar da aka fi sani ita ce dagi, sai takobi da allo da wata. A ƙarni na 20 masu zane suka ƙara da keke da agogo da jirgin sama.

A ƙauye ba kowa ke da halin soro ba. Akwai kago, zagayayyen ɗaki mai jinka. Da adada, mai kusurwa huɗu. Da rufewa, rumbun ƙasa na ajiye hatsi.

Abin lura wajen gyara

Ginin ƙasa yana son kulawa kowace shekara: a share indararo kafin ruwan farko, a toshe tsaga, a sabunta yaɓe. Kuskuren da ya yawaita shi ne lulluɓe tsohon bango da siminti. Siminti ba ya kama ƙasa sosai. Idan ya tsage, ruwa ya shiga, laima ba ta samun mafita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har ya zube dare ɗaya. Haka nan cire azara a ɗora kwano ba tare da barin baki mai tsawo ba yakan bar ruwa na zuba a gindin gini.

Sana'ar ba ta tsufa ba. Masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda magini Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Mai son gyara gidan gado, gara ya nemi tsohon maginin garin, ko Sarkin Magina inda ake da shi, tun da rani, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas.