Sariska da Ƙidayar da Ta Yaudari Indiya

A watan Disamba na 1911, bayan an tashi daga babban taron daba na birnin Delhi, Sarki George na Biyar na Ingila ya zarce zuwa kurmin Terai a ƙasar Nepal domin farauta. An tanadar masa ɗaruruwan giwaye da za su yi wa daji ƙawanya su koro masa abin da ke ciki, kuma cikin kwana goma shi da 'yan rakiyarsa suka kashe damisa 39. Damisar da ake nufi ita ce babbar nan ta Asiya, mai jan jiki da ratsin baƙi, wadda namijinta kan haura kilo 200. A wancan zamani kashe ta shaidar mulki ce, ga Turawan mulkin mallaka da sarakunan gargajiyar Indiya baki ɗaya, har Sarkin Surguja ya rubuta a 1965 cewa shi kaɗai ya kashe 1,150. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne cewa a farkon ƙarni na 20 Indiya tana da damisa wajen 40,000.

Sai dai bindigar sarakuna ba ita kaɗai ta ci wannan adadi ba. Bayan samun 'yancin kai a 1947 ƙasar ta shiga neman abin da za ta ciyar da jama'arta, aka sare dazuka aka mai da su gonaki, maganin feshin sauro ya buɗe kurmin da zazzaɓi ya daɗe yana tsarewa, makiyayin da aka kashe wa saniya kuma ya gano cewa maganin ƙwari idan aka barbaɗa shi a kan mushe ya fi bindiga sauƙi da araha. Wannan ya yi wa damisa illa fiye da sauran namun daji saboda yadda aka halicce ta. Ba ta zama garke. Kowace tana da yankinta da take shatawa da fitsari da kartar itace, tana buƙatar abin da ya kai babbar barewa hamsin a shekara, kuma kafin daji ya iya ba ta wannan ba tare da ya ƙare ba, sai yana ɗauke da ɗaruruwan bareyi da aladun daji. Tana ɗaukar ciki wata uku da rabi, ta haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu, su zauna tare da ita kusan shekara biyu, sannan kowane ya fita neman yankinsa. Idan gonaki suka datse daji, ɗan da ya fita ba shi da inda zai dosa sai bakin ƙauye.

A ƙarshen 1969 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta yi babban taronta a Delhi, inda Kailash Sankhala, wani jami'in gandun daji, ya bayyana wa mahalarta cewa damisar Indiya ta kama hanyar ƙarewa. Firayim Minista Indira Gandhi ta ɗauki maganar da muhimmanci. Aka haramta farautar damisa, aka kafa dokar kare namun daji a 1972, kuma a shekarar aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya, wadda ta ba da 1,827. Ranar 1 ga Afrilu, 1973, a gandun dajin Corbett, aka ƙaddamar da Shirin Damisa da gandu tara, Sankhala yana shugabanta, asusun kare namun daji na duniya, WWF, kuma ya yi alkawarin dala miliyan ɗaya. Tsarin shi ne a keɓe tsakiyar kowane gandu, babu kiwo babu saran itace, a bar gefensa ga amfanin jama'a. A shekarun farko abin ya yi kyau ƙwarai: ciyawa ta dawo, bareyi suka yawaita, damisa ta hayayyafa.

A nan ne aka dasa matsalar da ta ɓulla bayan shekara talatin. Hanyar ƙidayar da aka dogara da ita ta bin sawu ce. Ma'aikatan gandu kan bazu cikin daji na wasu kwanaki, duk inda suka ga sawun damisa su zana shi a takarda ko su zuba masa farin garin nan da ake ɗaurin karaya da shi su ɗauki siffarsa, daga baya a zauna a kwatanta, a kan imanin cewa kowace damisa sawunta daban ne. Amma sawun dabba ɗaya kan canja daga yashi zuwa laka, daga tafiya zuwa sassarfa, saboda haka damisa ɗaya tana iya zama uku a takarda. Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi: jami'in da ke tsaron gandun shi ne mai ƙidayar, kuma da adadin da ya kawo ake auna ƙwazonsa. Babu mai son ya zama wanda damisa ta ragu a hannunsa. Haka alkalumma suka yi ta hawa har suka kai 4,334 a 1989. Masanin namun daji Ullas Karanth, wanda tun farkon shekarun 1990 ya fara girke kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a dajin Nagarahole, yana tantance kowace damisa da ratsin jikinta, wanda babu biyu masu iri ɗaya, ya sha faɗin cewa ƙidayar sawu ba abin dogaro ba ce. Hukuma ba ta saurare shi ba.

A daidai wannan lokaci kasuwa ta sauya. Damisar kudancin ƙasar Sin ta kusa ƙarewa, masu haɗa maganin gargajiya da ƙashinta suka juyo Indiya. A watan Agusta na 1993 aka kama ɗaruruwan kilo na ƙashin damisa a Delhi, a shekarar da gwamnatin Sin ta haramta cinikinsa a cikin gida. A Oktoban 2003 jami'an kwastan a yankin Tibet suka tare wata babbar mota ɗauke da fatar damisa 31, domin a lokacin yi wa rigar biki ado da fatar ya zama abin alfahari a can. Duk da haka ƙidayar hukuma ta 2002 ta ce akwai damisa 3,642 a Indiya.

Asirin wannan ƙidaya ya tonu ne a gandun Sariska. Sariska tana cikin gundumar Alwar ta jihar Rajastan, a tsaunukan Aravalli, tafiyar 'yan sa'o'i daga Delhi. Da can wurin farautar sarakunan Alwar ne, aka shigar da ita Shirin Damisa a 1978. Busasshen daji ne mai ƙayoyi da duwatsu, wanda tun asali yake cikin matsi: akwai ƙauyukan makiyayan Gujjar da baunayensu a cikinsa, manyan tituna sun ratsa shi, masu ziyarar wurin bauta na Pandupol suna shiga da motoci har tsakiyarsa, masu haƙar dutse sun kewaye gefensa. Mafi muni, babu wani zirin daji da ya haɗa shi da wani gandun, saboda haka duk damisar da aka kashe babu wadda za ta zo ta maye gurbinta. Mafarautan sata sun san haka. Suna binne tarkon ƙarfe a kan hanyar da dabbar ta saba bi, idan ya kama ƙafarta su kashe ta yadda fatar ba za ta lalace ba, su feɗe, su tura kayan Delhi. A 2004 takardun hukuma suna cewa akwai damisa 16 zuwa 18 a Sariska.

A watan Janairu na 2005 ɗan jarida Jay Mazoomdaar ya buga a jaridar Indian Express cewa an yi watanni ba a ga damisa ko ɗaya a gandun ba. Da farko jami'ai suka ce dabbobin sun hau tsauni ne, za su sauko. Aka baza ɗaruruwan ma'aikata suka taka dajin lungu-lungu. Ba su sami sabon sawu ba, ba su sami kashi ba, ba su sami ragowar naman da ta ci ba. Hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasa, CBI, ta tabbatar da cewa babu sauran damisa a Sariska, kuma a watan Yunin shekarar aka kama Sansar Chand, dillalin fatun da ya shafe shekaru yana wannan sana'a daga Delhi. Firayim Minista Manmohan Singh ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Sunita Narain, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Agusta, ya ba da shawarar a jingine ƙidayar sawu, a kuma daina ɗaukar mazauna daji a matsayin abokan gaba. A 2006 majalisa ta gyara doka ta kafa Hukumar Kare Damisa ta Ƙasa. A farkon shekarar kuma Dalai Lama ya yi kira ga mutanen Tibet da su bar ado da fatun namun daji, jama'a suka fito da nasu suna ƙonawa a fili.

An sake ƙidayar da sabuwar hanya, da kyamara da lissafin masana daga cibiyar nazarin namun daji ta Dehradun, kuma da aka bayyana sakamakon a Fabrairun 2008 sai ga 1,411, ƙasa da adadin ƙidayar 1972 da aka fara shirin da shi. Ba za a iya cewa duk gibin kisa ne ba, domin da yawa daga damisoshin da suka ɓace ba su taɓa rayuwa ba sai a cikin fayil. Darasin bai shiga nan take ba: a gandun Panna na jihar Madhya Pradesh masu bincike sun yi ta gargaɗi, jami'ai suna musantawa, har zuwa 2009 da aka amince cewa can ma an rasa su.

Ranar 28 ga Yuni, 2008, jirgin sojan sama mai saukar ungulu ya ɗauko wani namijin damisa daga gandun Rantambo ya sauke shi a Sariska, an ɗaura masa na'urar bin diddigi a wuya. Bayan kwanaki aka kawo tamata. Shekaru suka shuɗe babu haihuwa, kuma a Nuwamban 2010 aka tsinci gawar namijin nan na farko, bincike ya nuna guba aka sa masa. Wannan mutuwa ta tuna wa hukuma cewa abin da ke tsakanin makiyayi da damisa bai warware ba. Aka ci gaba da tayin kuɗi ko fili ga iyalan da suka yarda su tashi, wasu ƙauyuka suka karɓa, wasu suka ƙi, kuma ƙin nasu yana da hujja, domin mai bauna da aka ba gona a wani wuri an raba shi da sana'ar kakanninsa. Sai a 2012 aka ga 'ya'yan farko da aka haifa a Sariska tun bayan ɓacewar, kuma daga su da waɗanda aka ƙaro adadin ya haura talatin.

Ƙidayar ƙasa, wadda yanzu ake yi duk bayan shekara huɗu, ta ba da 1,706 a 2010, shekarar da ƙasashe 13 masu damisa suka haɗu a birnin St. Petersburg na Rasha suka yi alkawarin ninka adadinta kafin 2022. Ta ba da 2,226 a 2014, da 2,967 a 2018, da 3,682 a 2022. A kusan wannan tsakani adadin damisar Nepal ya tashi daga 121 zuwa 355, alhali a Kambodiya hoton damisa na ƙarshe an ɗauke shi ne a 2007. A cikin Indiya ma ƙaruwar ba ta game ko'ina ba. Rahoton 2018 ya bayyana gandu uku da ba a sami damisa a cikinsu ba: Dampa a jihar Mizoram, Buxa a Bengal ta Yamma, da Palamau a jihar Jharkhand, ɗaya daga cikin taran da aka fara shirin da su a 1973.