ZARE: Yadda tambaya kan launin teku ta zo ta kama maganin jabu

1/ Duk hutun da na koma gida Jega sai kawuna ya tare ni: "To ɗana, wanga kemistiri da kake karantawa Aliero, yaushe za ka buɗe kemis?" Da dariya nake wucewa. Yau dai ina da amsa, amma sai mun biya ta Indiya. Ku biyo ni.

2/ Akwai wani Ba'indiye, C.V. Raman, an haife shi a 1888. Daga 1907 ma'aikacin gwamnati ne a sashen kuɗi a Kalkata. Kafin ofis da bayan an tashi sai ya shige ɗakin gwaji. A 1917 ya ajiye aikin ya koma koyarwa a jami'a, duk da albashin ya fi ƙanƙanta.

3/ A 1921 yana dawowa daga Ingila a jirgin ruwa, sai ya tsaya yana kallon Bahar Rum. Tun kafin nan babban masani Lord Rayleigh ya riga ya ce shuɗin teku hoton sama ne kawai. Raman ya ɗauko ɗan gilashin da ke tare hasken da ya dawo daga saman ruwa, ya leƙa. Ruwan na nan shuɗi.

4/ Wato ruwan da kansa ne ke watsa hasken. Shekara bakwai shi da ɗalibansa, musamman K.S. Krishnan, suna haska abubuwa masu ruwa-ruwa, da farko ma da hasken rana. Ranar 28 ga Fabrairu 1928 suka tabbatar da abin da suke nema.

5/ Ga bayanin a sauƙaƙe. In haske ya bugi sinadari, kusan duka yana dawowa da launinsa. Amma wani ɗan mitsitsi, kamar ɗaya cikin miliyan goma, launinsa na sauyawa, don ya yi musayar ƙarfi da ƙwayoyin sinadarin da ke girgiza.

6/ Kowane sinadari da irin tasa girgizar. Kun ga yadda iyayenmu mata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa su ji ko ta tsage? To haka ne, sai dai nan da haske ake ƙwanƙwasawa, a karanta amsar a gane ko mene ne a ciki.

7/ A 1930 ya samu kyautar Nobel. Har gobe Indiya na bikin ranar kimiyya duk 28 ga Fabrairu. Amma aikin ya daɗe a ɗakin gwaji, don hasken ya yi rauni ainun. Sai da aka ƙirƙiro leza a 1960 sannan hanya ta buɗe, na'urorin suka riƙa ƙanƙancewa.

8/ Yanzu mu dawo gida. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Ka ba yaro maganin maleriya, ka kwanta da tunanin ya sha magani, ashe gari ya haɗiya.

9/ Wajajen 2010, zamanin Paul Orhii, NAFDAC ta fara amfani da TruScan, na'urar da ake riƙewa a hannu. Da binciken Raman take aiki. A haska ƙwaya ko tana cikin ledarta, nan take na'urar ta gwada ta da ta asali ta ce ta dace ko ba ta dace ba.

10/ Irin wannan fasahar har duniyar Mars ta je: motar Perseverance da ta sauka can a 2021 tana binciken duwatsu da ita. Raman ya rasu a 1970, bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

11/ Ku lissafa: 1928 zuwa 2010, shekara 82. Da a 1921 an ce masa "mene ne amfanin sanin launin ruwa, nawa zai kawo?", da ba shi da amsa. Irin tambayar da ake yi mana ke nan kullum, ita ce kuma ke sa da yawanmu neman canjin kwas tun a shekarar farko.

12/ Kafin irin na'urar ta wadata a wajenmu, ku riƙa duba lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani. In akwai wurin kankarewa a kwalin, ku kankare ku tura lambar.

13/ Shi kuwa kawu na karanta masa wannan jiya. Ya yi shiru, can ya ce: "To ita na'urar nawa ce?" Kun ji Bajege. A tura wa duk wanda ke kemistiri yana jin kamar ɓata lokaci yake.