Daga Mazari Zuwa Dilar Gwanjo: Tarihin Kaɗin Tsamiya a Ƙasar Hausa

Da hunturu ya kama, rigunan sanyi na ulu kan cika rumfunan 'yan gwanjo a kasuwar Karmo da ke Abuja, kuma daga ƙetare ake shigo da su. Dalilin haka yana jikin tumakinmu. Uda da Balami da 'Yankasa gashi gare su gajere mai kauri, wanda ba ya kaɗuwa. Sai an je Masina a ƙasar Mali ake samun tumaki masu ulu, inda matan Fulani ke kaɗa shi, masaƙa su yi barguna.

Don haka auduga ce ta zama uwar kaɗi a ƙasar Hausa, aikin kuma na mata ne. Mace za ta gurje audugar a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta har ta yi laushi, sannan ta ɗauki mazari mai gululun yumɓu, ta shafa alli a yatsu, ta murza. Siririn shi ne zare, mai kaurin kuma abawa. Da kuɗin kaɗi mata da dama, har da na kulle, suka sayi awaki, suka haɗa wa 'ya'yansu kayan ɗaki.

Amma akwai zaren da asalinsa daga halitta mai rai yake, wato tsamiya. Wata tsutsa ce da ke cin ganyen itatuwa, ciki har da itacen tsamiya, takan saƙa wa kanta gida. A daji ake tsinto gidajen, a dafa su da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, sannan a kaɗa kamar auduga. Zaren yakan fito da launin ƙasa-ƙasa, ga ƙarfi, ga ƙarko. Da shi ake saƙa rigar tsamiya, da shi kuma ake ɗinkin aska takwas a ƙirjin babbar riga. Yarabawa ma sun daɗe suna sayensa don tufarsu mai daraja da suke kira sanyan.

Fataken Sahara sun ƙara da alharini. Ragowar siliki ne na masaƙun Turai, rinanne da ja mai haske, ana ɗauko shi a raƙuma daga Tarabulus, a kaɗa shi a nan. Lokacin da Bature matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da birnin yana tufatar da jama'a har Timbuktu, ya kuma ƙiyasta cinikin tufafin Kano da aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Kowane ƙyalle a cikin wannan dukiya daga mazarin wata mace ya fara.

Sauyi ya zo da Turawa. A 1902 aka kafa ƙungiyar BCGA a Ingila don samar wa masaƙun Lankasha auduga, a 1911 kuma layin dogo ya iso Kano. Duk da haka makaɗan zare ba su sare da wuri ba, domin sau da yawa masu sayen auduga na gida kan fi Turawa saye da tsada. Abin da ya karya sana'ar shi ne zaren inji mai araha, sai masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, daga baya kuma yadin waje da gwanjo suka durƙusar da masaƙun kansu.

Har yau sarakuna da attajirai na biyan kuɗi mai tsoka don rigar tsamiya ta asali, ke nan kasuwa ba ta mutu ba. Makaɗan ne ke ƙarewa, domin yawancinsu tsofaffi ne, kuma wannan ilimi a yatsu yake. Ya kamata cibiyoyin koyar da sana'a su nemo waɗannan iyaye mata tun suna da ƙarfi, su biya su, su zaunar da 'yan mata a gabansu.