Daga Idon Kyanwa Zuwa Rumfar Zaɓe: Yadda Na'ura Ta Koyi Gane Fuska

Tun zaɓen 2027 bai ƙaraso ba, gardamar BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, ta dawo majalisun hira a kudancin Kano, kuma mutanen yankin suna da dalilinsu. A mazaɓar Kiru da Bebeji, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe zaɓen Abdulmumin Jibrin Ƙofa na 2019, aka koma rumfuna a watan Janairun 2020. A mazaɓar Doguwa da Tudun Wada kuwa, zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya zo da tashin hankali da asarar rayuka, sai ranar 15 ga Afrilu aka kammala shi. Ba na'ura ce ta haddasa waɗannan rigingimu ba. Amma inda ƙuri'a ta yi tsada haka, duk mutum ɗaya da aka ce wa "na'ura ta ƙi ka" abin lissafi ne.

Wannan magana ta shiga bakin jama'a ne a 2015, lokacin da INEC a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta kawo na'urar karanta katin zaɓe. Zanen yatsa take dubawa, kuma ranar 28 ga Maris ta ƙi karanta yatsan shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mahaifarsa Otuoke. Ina ga manomin Doguwa da fartanya ta cinye masa zanen yatsa, ko tsohuwar da ta shekara hamsin tana sussuka? BVAS, wadda aka fara gwadawa a 2021 sannan ta samu gindin zama bayan dokar zaɓe ta 2022, ta ƙara hanya ta biyu: in yatsa ya ƙi, a duba fuska. Ke nan yanzu haƙƙin ɗan ƙasa na iya rataya a kan yadda kwamfuta ke gani. Ya kamata mu san inda ta koyo ganin.

Masu son nisa da tarihi sukan fara da Ibn al-Haytham, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a Masar shekara dubu da suka wuce, ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido, kuma a ƙwaƙwalwa ake kammala gani. Daga nan sai a tsallako zuwa 1958, lokacin da Frank Rosenblatt a Amurka ya nuna wata dabara da ke koyo daga misalai maimakon a rubuta mata ƙa'ida. Na'urar da ya ƙera tana da 'yan ƙananan idanu 400, kuma da ƙyar take bambanta siffofi masu sauƙi. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka sa siririyar waya a ƙwaƙwalwar kyanwa, suka gano cewa wasu ƙwayoyin jijiya ba sa motsawa sai sun ga layi a tsaye, wasu sai a kwance, wasu sai a karkace. Wato gani daki-daki yake ginuwa, daga layi zuwa siffa zuwa abu. Wannan aiki ya kai su ga kyautar Nobel a 1981. A 1966 kuma jami'ar MIT ta bai wa ɗalibai aikin hutu na 'yan watanni, da fatan su gina babban sashe na ganin kwamfuta kafin a koma karatu. Aikin ya ci kusan shekara hamsin.

Abin da ya sa ya yi wuya shi ne kwamfuta ba ta ganin hoto, lambobi take gani. Kowane ɗigo a hoto lamba ce mai nuna haske da launi. Fuska ɗaya a rana tsaka da a inuwar darbejiya lambobi ne daban-daban gaba ɗaya. Shekaru da dama masana suna ƙoƙarin rubuta ƙa'idoji da hannu: a auna tazarar ido da ido, a auna faɗin baki. Da mutum ya ɗan juya kai sai lissafin ya rushe.

Hanyar da ta ɓulle daga baya ta fito ne daga binciken kyanwar nan. A 1980 Kunihiko Fukushima, a ɗakin binciken gidan rediyo da talabijin na NHK a Japan, ya tsara lissafi hawa-hawa mai kwaikwayon abin da Hubel da Wiesel suka gani. A 1989 Yann LeCun a Bell Labs ya koya wa irin wannan tsari karanta lambobin gidan waya da aka rubuta da hannu, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 bankunan Amurka na amfani da shi wajen karanta cak. Yadda yake koyo ba ɓoyayye ba ne: a nuna masa hoto, ya yi hasashe, a gaya masa ya kuskure, ya ɗan gyara lambobin cikinsa, a maimaita sau miliyoyi. Yaron ruga ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya karanta masa siffofin shanun gidansu. Bin su da ya yi tun yana ƙarami ne ya sa yake tsamo nasu a cikin garken kasuwa. Haka wannan tsari yake, sai dai shi yana buƙatar misalai fiye da yaron nesa ba kusa ba. Misalan ne babu, shi ya sa yawancin masana suka juya masa baya har shekara goma da ɗoriya.

A nan ne Fei-Fei Li ta shigo, kuma a ganina a nan ne tarihin ya juya. Ita haifaffiyar Sin ce da ta koma Amurka tana budurwa. A 2007, tana koyarwa a Princeton, ta yanke shawarar cewa matsalar ba ta dabara ba ce, ta ƙarancin hotuna ce. Ta fara tara hotuna daga intanet, amma hoto ba shi da amfani ga mai koyo sai an rubuta abin da ke cikinsa. Da ɗalibai za a ba aikin, da sun tsufa a kansa. Sai ta raba shi ta dandalin Mechanical Turk na Amazon, inda mutane kusan 49,000 daga ƙasashe 167 suka riƙa duba hotuna ɗaya bayan ɗaya a kan ɗan ladan da bai taka kara ya karya ba. Rumbun da aka sa wa suna ImageNet ya fito a 2009, daga baya ya haura hotuna miliyan 14 a rukuni sama da 20,000. A 2010 aka fara gasa a kansa. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, daga jami'ar Toronto, suka shiga gasar da tsohuwar dabarar nan ta hawa-hawa. Kuskurensu ya tsaya a kashi 15.3 cikin ɗari, na biye da su kashi 26.2. Zuwa 2015 tsarin da masu binciken Microsoft suka gina ya sauko ƙasa da kashi 4.

Akwai masu cewa ƙarfin na'ura ne ya kawo nasarar, don Krizhevsky ya yi aikin ne da katuna biyu na Nvidia da aka ƙera domin wasannin bidiyo. Akwai masu jingina ta ga hazaƙar mutum uku, Hinton da LeCun da Yoshua Bengio, waɗanda aka bai wa kyautar Turing ta 2018. Duka biyun suna da gaskiya gwargwado, amma ban yarda su ne jigo ba. Ginshiƙin dabarar yana nan tun 1989, bai tsinana abin kirki a kan hotunan duniya ba sai da hotuna masu suna suka samu. Hujja mafi ƙarfi kuma ita ce irin kurakuran da na'urorin ke yi. Da ƙarfin inji ne komai, da kuskuren ya faɗa kan kowa daidai wa daida. Ba haka yake ba: yana bin sawun waɗanda ba a saka cikin hotunan ba. Wani binciken ma'aikatan Google na 2017 ya nuna kusan kashi 45 na hotunan ImageNet da aka san asalinsu daga Amurka kaɗai suka fito.

Kan fuska abin ya fi ciwo. A 2014 Facebook ya sanar da tsarin da ke gane fuska daidai da kashi 97 cikin ɗari, aka yi ta murna. A 2018 Joy Buolamwini, 'yar asalin Ghana a MIT, tare da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka tara hotunan 'yan majalisa 1,270 daga Ruwanda da Senegal da Afirka ta Kudu da ƙasashe uku na arewacin Turai, suka gwada tsarin manyan kamfanoni uku a kan tambaya mai sauƙi: namiji ne ko mace? A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 ba. A kan mata masu duhun fata ya kai kashi 34.7. A 2019 hukumar NIST ta gwamnatin Amurka ta gwada tsari 189, ta samu cewa da yawansu sun fi rikita fuskar wani da ta wani a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas da gabashin Asiya. Ta kuma lura cewa wasu tsare-tsaren da aka gina a Sin ba su da wannan rauni a kan fuskokin Asiya. Wanda aka nuna wa na'ura, shi ta sani. Masu ƙera wayar Tecno sun fahimci haka tun da wuri, suka daidaita kyamararsu da baƙar fata, kuma yana cikin abin da ya sa wayar ta mamaye kasuwanninmu.

An samu gyara sosai tun daga lokacin, bai kamata a ɓoye ba, kuma aikin BVAS ya fi sauƙi: fuska ɗaya take kwatantawa da hoto ɗaya da ke cikin rajista. Sai dai hotunan mutane da yawa tun rajistar 2011 aka ɗauke su, da ƙaramar kyamarar kwamfuta, a hasken da ya samu. Yarinyar da ta yi rajista tana da shekara 18 a Kiru yanzu uwar 'ya'ya ce. Jihar Kano na da masu rajista kusan miliyan 5.9 a 2023. Abin da nake so jam'iyyu da 'yan jarida su matsa wa INEC a kansa shi ne alƙaluma ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: mutum nawa yatsa ya tantance, nawa fuska, nawa aka mayar gida, maza nawa, mata nawa. Wannan ya fi zagin na'ura ko yabonta amfani.

Kano ma tana da nata babi a tarihin, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. A yaƙi da shan-inna, an gano cewa taswirorin hannu da masu rigakafi ke bi suna tsallake ƙananan ƙauyuka da rugage, yaran can kuma ba sa samun ɗigon. Daga wajejen 2012, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates da aikin ƙungiyar eHealth Africa mai ofishi a Kano, aka koma zana matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam, ana kuma bin sawun masu rigakafi da waya. Daga baya masana a cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka suka koya wa kwamfuta tsamo gine-gine daga irin waɗannan hotuna, aka auna dabarar a jihohin Kano da Kaduna, aka buga sakamakon a 2018. A nan ma ƙafa ce ta yi aikin: sai da ma'aikata suka shiga unguwanni suna ƙirga mutanen gida-gida kafin hoton sama ya zama ƙiyasin jama'a. Rufin ƙasa da na ciyawa launinsu ɗaya da filin da ke kewaye da su, na'urar da ta saba da rufin Turai ba za ta gan su ba sai an nuna mata namu. Yaro na ƙarshe da shan-inna na daji ya kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014, kuma a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta daji.

Bidiyo ya zo a baya don ya fi nauyi: hotuna 25 ko 30 ne a kowace daƙiƙa, kuma ma'anar tana cikin motsi. A 2014 Andrej Karpathy da abokan aikinsa suka horar da tsari a kan bidiyon wasanni miliyan ɗaya daga YouTube, a 2017 kamfanin DeepMind ya fitar da rumbun Kinetics na ayyukan ɗan'adam iri 400. A shekarar ce kuma bidiyon jabu masu ɗora fuskar wani a jikin wani suka fara yawo, don na'urar da ta iya gane fuska ta kama hanyar iya ƙera ta. Kanawa sun ɗanɗana gardamar sahihancin bidiyo a Oktoban 2018, lokacin da jaridar Daily Nigerian ta saki bidiyon da ta ce Gwamna Abdullahi Ganduje ne ke karɓar daloli, gwamnatin jihar ta ce haɗa shi aka yi. Irin wannan gardama za ta ƙaru kafin 2027, kuma masu fatan na'ura ta raba ta su san matsayin binciken: a gasar gano bidiyon jabu da Facebook ya shirya, wadda aka kammala a 2020 da bidiyo sama da 100,000, tsarin da ya zo na ɗaya kashi 65 cikin ɗari kawai ya ci a kan bidiyon da bai taɓa gani ba.