Rurrutsa da yayen gaggawa: wata ƙofar tamowa a ƙasar Hausa

A yunwar Nijar ta 2005, jihar Maraɗi, wadda ake wa kallon rumbun ƙasar, na cikin wuraren da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fi karɓar yara masu tamowa. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 kuma ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure, alhali nan ne gidan gero, wake da gyaɗa. Talauci na da babban kaso, amma bai isa bayani ba. A ganina, yadda muke yaye ya cancanci a dube shi da idon basira.

Idan mai goyo ta yi rurrutsa, wato ta samu ciki kafin ta yaye, mutanen gida kan yanke hukunci cewa nononta ya gurɓace, zai sa wa yaro zawo. Ga kunya, ga gorin kishiya. Sai a ɗauke yaron rana ɗaya a kai shi gidan kaka, ko da bai cika shekara ba. Can abincinsa koko ne tsararo, mai cika ciki ba ya gina jiki. Ƙwai kuwa wasu gidajen na hana shi, wai yaro zai tashi ɓarawo. Yaron da ya rasa nono da ɗumin uwa lokaci guda yakan ƙi cin abinci, zawo ya kama shi, ya rame ko ƙafafunsa su kumbura. Abin takaici, sai a ce ai nonon cikin da ya sha ne, camfin ya ƙara samun gindin zama.

Likitanci bai tabbatar da cewa nonon mai ciki na cutar da yaro ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar nono zalla wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2, adadin da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara.

Ma'aikatan lafiya kan tara iyaye mata a asibiti su yi musu bayani, amma ba uwa ke sa ranar yaye ba. Uwar miji da kaka ke sawa, maigida kuma shi ke riƙe da rumbu da kuɗin cefane, kuma ba kasafai ake gayyatar su zaman ba.